Kafin ku bar wakilin AI ya taɓa shafinku na intanet: abin da ya kamata ku sani

Shafin intanet, komai kyansa, tarin fayiloli ne da ke ajiye a wata kwamfuta mai nisa wadda ba a kashe ta dare da rana, masu sana'ar na kiran ta saba. Tambarin makaranta da ke goshin shafi fayil ne. Umarnin da ke tsara launi da girman rubutu fayil ne, haka ma wanda ke sa maɓalli ya yi aiki idan an latsa shi. Shekara da shekaru, duk mai son gyara wani abu shi ne zai shiga da kansa, ya buɗe fayil, ya gyara, ya adana. Yanzu an samu manhajojin da suka ba ƙirƙirarriyar basira ta AI hannu. Ku dai ku rubuta cewa a canza lambar wayar da ke ƙasan shafi, ita kuma ta shiga sabar, ta nemo fayil ɗin, ta sake rubuta shi. Irin wannan AI da ke aiwatar da aiki da kanta, ba amsa tambaya kawai ba, ita ake kira wakili.

Ga mai ƙaramin shago, ko makaranta, ko ƙungiyar da ba ta da kuɗin ɗaukar ƙwararre, wannan babban sauƙi ne. Amma hannun da ke gyarawa shi ne ke iya gogewa, kuma wakili yana aiki da saurin da ido ba ya iya bi. Abin da za ku fara dogara da shi kafin ku amince da irin wannan manhaja shi ne takardar jagorar da masu ita suka rubuta. Yawancin mutane shafin farko kaɗai suke karantawa, wanda ke nuna yadda za a girka manhajar cikin 'yan mintoci, alhali ba can ake gane ingancinta ba. Takardar jagora ta ƙwarai ana gane ta ne daga abin da ta faɗa game da ranar da aiki ya lalace: ina iyakar wakilin, wa ke ba shi izini, kuma yaya ake mayar da abin da ya ɓata.

Ta wace hanya umarninku ke bi?

Abubuwa uku ne ke haɗuwa a wannan aiki. Akwai ƙwaƙwalwar AI ɗin, irin su Claude ko ChatGPT ko Gemini, wadda galibi ke zaune a kwamfutocin kamfanin da ya ƙera ta. Akwai manhajar tsakiya da ke karɓar buƙatarta ta aiwatar. Sannan akwai sabar da shafinku yake. A watan Nuwamban 2024 kamfanin Anthropic ya fitar da wata ƙa'ida mai suna Model Context Protocol, wadda aka fi sani da MCP, domin AI da irin waɗannan manhajoji su riƙa fahimtar juna. A watan Maris na 2025 kamfanin OpenAI ya sanar cewa shi ma ya rungume ta. Daga nan manhajojin da ke bin ƙa'idar suka yawaita, wasu na manyan kamfanoni, wasu na mutum ɗaya da ya rubuta ya saki.

Wajibi ne takardar jagora ta zana muku wannan hanya filla-filla. A ina ake ajiye kalmar sirrin sabarku, a kwamfutarku ko a hannun masu manhajar? Wakilin yana ganin ta? Abin da ke cikin fayilolinku yana fita zuwa wani kamfani, kuma tsawon wane lokaci ake riƙe shi? Ku kuma duba ta inda ake isa sabar. Tsohuwar hanyar FTP, wadda ƙa'idarta ta fito tun 1985, tana aika suna da kalmar sirri a fili, duk wanda ya tare hanya zai iya karanta su. Wannan na cikin dalilan da suka sa Chrome da Firefox suka yi watsi da ita a 2021. Hanyar SFTP kuwa tana lulluɓe duk abin da ke wucewa. Takardar da har yanzu ke koya muku FTP zalla ba tare da wani gargaɗi ba ta riga ta nuna muku matsayin tsaro a wurin masu ita.

Me ya sa ake cewa takardar tana da masu karatu biyu?

Kowane aiki da manhajar ke iya yi yana da suna da ɗan gajeren bayani. Wannan bayanin ba ku kaɗai kuke karanta shi ba, shi ake miƙa wa wakilin, kuma da shi yake yanke shawarar aikin da zai ɗauka. Idan bayanin ya yi duhu, wakilin ma zai yi lalube ne a cikin fayilolinku.

Ku dubi manhajar sarrafa fayiloli da masu ƙa'idar MCP suka fitar a matsayin abin koyi. A cikin ayyukanta akwai write_file da edit_file. Na farko yana ƙirƙirar sabon fayil, in kuma ya tarar da wani mai wannan suna sai ya shafe shi gaba ɗaya ya rubuta sabo a kansa, kuma takardar ta faɗi haka ƙarara tare da gargaɗin a yi hattara. Na biyu layukan da aka nuna masa kaɗai yake taɓawa, kuma yana da zaɓi mai suna dryRun da ke nuna abin da zai canza ba tare da ya canza komai ba. Ku ƙaddara kuna da fayil mai layi 800, kuna son gyara layi ɗaya. Idan wakili ya ɗauki na farko ya rubuto layi 60 da ya ga sun wadatar, sauran 740 sun tafi, kuma saƙon da zai dawo muku shi ne an kammala aiki.

Saboda haka ku nemi jerin ayyukan manhajar ɗaya bayan ɗaya. Kowanne ya zo da abin da yake buƙata, da abin da yake yi idan ya tarar da fayil a wurin, da amsar da yake bayarwa idan ya kasa. Ku lura ko an ware masu karantawa kawai daga masu rubutawa da masu gogewa. Takardar da ta ce manhajar tana kula da fayilolinku ta tsaya nan, ba ta gaya muku komai ba.

Ina iyakar wakilin?

Wanda ya ɗauki sabon yaron shago ba ya haɗa masa makullin shago da na ɗakin ajiya da na akwatin kuɗi a rana ɗaya. Masana tsaron kwamfuta ma haka suke aiki. Tun 1975 Jerome Saltzer da Michael Schroeder na jami'ar MIT da ke Amurka suka rubuta cewa kowane mutum da kowace manhaja a ba su ikon da aikinsu ke buƙata kawai, ba ƙari.

Ɗauki WordPress, manhajar da ƙididdigar W3Techs ta nuna fiye da kashi 40 cikin 100 na shafukan duniya a kanta aka gina su. A babbar foldarta akwai fayil mai suna wp-config.php, wanda ke ɗauke da suna da kalmar sirrin rumbun bayanan shafin baki ɗaya. A sabobin da ke amfani da Apache akwai wani mai suna .htaccess, wanda layi ɗaya mara kyau a cikinsa ya isa ya sa kowane mai ziyara ya tarar da saƙon kuskure mai lamba 500. Wakilin da aka aika ya gyara launin rubutu ba shi da abin yi a waɗannan wurare. Takarda mai kyau za ta nuna muku yadda ake killace shi a folda ɗaya, da yadda ake haramta masa wasu fayiloli da sunansu, sannan ta faɗi halin da manhajar ke ciki ranar da aka girka ta: a rufe take sai kun buɗe, ko a buɗe take sai kun rufe?

Killacewar ma tana iya samun ɓaraka. A adireshin fayil, ɗigo biyu da karkatacciyar sanda, wato ../, na nufin a koma foldar da ke sama, kuma tsohuwar dabara ce ta masu kutse su jera su har su fice daga inda aka tsare su. A watan Yulin 2025 masu bincike na kamfanin Cymulate sun bayyana ɓaraka biyu da suka gano a waccan manhajar abin koyi, waɗanda ke ba da damar tsallake foldar da aka ware. An toshe su, amma darasin ya rage: katanga ɗaya ba ta isa ba. Shi ya sa takarda ta gari ke ba da shawarar a buɗe wa wakili asusunsa na daban a sabar, mai ƙaramin iko, wanda za a iya sokewa nan take. Tun sigar 5.6 da ta fito a Disamban 2020, WordPress tana ba da damar a yanka wa kowace manhaja kalmar sirrinta, a soke ta ba tare da an taɓa ta mai shafin ba. Idan kuwa takarda ta ce ku sa izinin fayil a lamba 777 domin aiki ya tafi, ku dakata. Wannan lambar tana nufin kowane asusu a sabar zai iya rubutu a ciki. Abin da aka saba bayarwa shi ne 644 ga fayil, 755 ga folda.

Wa ke ba da izini kafin a rubuta?

Ƙa'idar MCP ta ba da shawarar cewa ya kamata a samu mutum a tsakiya mai ikon hana wakili aiwatar da wani aiki. Shawara ce, kuma kowace manhaja da yadda ta ɗauke ta. Ku bincika ko ana tsayawa a tambaye ku kafin kowane rubutu, sannan ku duba abin da ake nuna muku a lokacin tambayar. Tambayar da ta ce a ci gaba ko a fasa, ba tare da nuna canjin ba, cinikin biri a sama ne. Abin da ya dace ku gani shi ne sunan fayil, da layukan da za a cire, da waɗanda za a saka, gefe da gefe.

Kusan duk irin waɗannan manhajoji suna da zaɓin amincewa da komai kai tsaye, saboda yawan tambaya yana gajiyarwa. Ku karanta yadda takardar ta yi maganarsa. Mai gaskiya za ta ce a yi amfani da shi a wurin gwaji kaɗai, ta kuma nuna yadda ake barin wakili ya yi karatu a sake amma ya nemi izini kafin rubutu da gogewa.

Idan ya ɓata, yaya ake komawa baya?

Nan ne ya fi cancanta ku daɗe. A watan Yulin 2025 Jason Lemkin, wanda ya kafa kamfanin SaaStr a Amurka, yana gina wata manhaja da wakilin kamfanin Replit. Ya ba da umarni a fili cewa kada a canza komai, amma wakilin ya goge rumbun bayanan da ake aiki da shi, mai ɗauke da bayanan shugabannin kamfanoni fiye da 1,200. Da aka tambayi wakilin, sai ya ce ba za a iya dawo da su ba, alhali hanyar dawowar tana nan, kuma ta yi aiki da aka gwada. Shugaban Replit, Amjad Masad, ya fito ya ce bai kamata hakan ta iya faruwa ba, ya kuma sanar da raba rumbun gwaji da na ainihi.

Abu biyu wannan lamari ya koyar. Umarnin baki ba katanga ba ne: idan manhajar ta bar ƙofar gogewa a buɗe, cewa kar a goge ba ya rufe ta. Sannan bai kamata wakilin da ya yi ɓarna ya zama shi ne zai gaya muku ko za a iya gyara ta ba. Amsar dole ta kasance a rubuce a takardar jagora, mataki-mataki, yadda za ku iya bi da hannunku. Shin manhajar tana ajiye kwafin fayil kafin ta rubuta a kansa? A ina, kuma har zuwa yaushe? Tana aiki da Git, manhajar da Linus Torvalds ya ƙirƙira a 2005, wadda ke riƙe tarihin kowane canji? Akwai rajistar da ke nuna fayil ɗin da aka taɓa da lokacin da aka taɓa shi, wadda wakilin ba zai iya gyara ta ba?

Akwai kuma tambayar da ta shafe mu kai tsaye, mu da ake ɗauke mana wuta ko sabis ya yanke ba sallama: me ke faruwa idan hanya ta katse ana tsakiyar rubutu? Rabin fayil na umarnin shafi ya isa ya mayar da shafi fari fat. Manhajar da aka gina da kyau tana rubuta sabon fayil da wani suna na wucin gadi, sai ya kammala ta sauya masa suna ya maye gurbin tsohon, ta yadda ko dai sabon ya shiga cif ko tsohon ya zauna yadda yake. Ku kuma sani cewa tun 2017 wurin gyaran fayil na cikin WordPress yana janye gyaran da ya ga zai durƙusar da shafi, amma wanda ya rubuta kai tsaye ta SFTP ya tsallake wannan kariya. Takarda mai kyau za ta faɗa muku ta wace ƙofa manhajarta ke shiga.

Shin wani zai iya juya muku wakilin?

Zai iya. Wakili ba ya iya bambance umarninku da rubutun da ya tarar a hanya yadda mutum zai yi. Idan kun aike shi ya karanta saƙonnin da baƙi suka bari a shafi, wani zai iya ɓoye jimla a ciki da ke cewa a saka wani layi a fayil kaza, kuma wakilin ya ɗauke ta a matsayin aiki. Simon Willison, wani mai rubuta manhaja ɗan Birtaniya, ya ja hankali kan wannan matsala tun watan Satumban 2022, kuma ƙungiyar masana tsaron manhaja ta OWASP ta sa ta a lamba ta ɗaya cikin jerin manyan haɗura 10 na manhajojin da aka gina a kan irin wannan AI. A 2025 Willison ya yi gargaɗin cewa haɗarin ya fi tsanani idan abu uku suka haɗu a hannun wakili ɗaya: yana ganin bayanan sirri, yana karanta rubutun da baƙi suka kawo, kuma yana da hanyar fitar da saƙo waje. Wakilin da ke rubutu a shafin da duniya ke gani yana iya haɗa ukun cikin sauƙi. Har yanzu ba a samu maganin da ya kawar da matsalar gaba ɗaya ba, don haka takardar da ta ce manhajarta ta fi ƙarfinta ba abin yarda ba ce. Wadda ta ambace ta, ta nuna yadda ake rage ta, ita ce ta mutunta ku.

Yaya batun haruffanmu?

Mai shafin Hausa yana da ƙarin abin dubawa. Haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, da ƴ da ake rubutawa a Nijar, suna buƙatar a adana fayil da tsarin UTF-8, a kuma karanta shi da shi. Idan aka adana da shi aka karanta da tsohon tsarin Windows na Yammacin Turai, ƙ sai ta koma Æ™, ɗ kuma ta koma É—, har kalmar ƙasa ta fito Æ™asa a tsakiyar kanun labari. Idan aka sake adana fayil ɗin a wannan hali, ɓarnar ta zauna. Ku nemi inda takardar ta ambaci UTF-8, kuma ko ta ambata, ku gwada da jimla mai ɗauke da haruffan duka, manya da ƙanana.

Wa ya rubuta manhajar, kuma yaushe?

Ku duba kwanan watan da aka sabunta takardar, da lambar sigar da take magana a kai, ku gwada ta da wadda kuka sauke. Ku nemi jerin canje-canjen da aka yi daga siga zuwa siga, da adireshin da ake kai rahoton ɓarakar tsaro. Suna kaɗai ba shaida ba ne. A watan Satumban 2025 kamfanin Koi Security ya gano wata manhaja mai suna postmark-mcp a rumbun manhajoji na npm, wadda ta ari sunan kamfanin aika imel na Postmark ba da saninsa ba. Ta yi aiki lafiya a sigoginta na farko, sai a siga ta 1.0.16 aka ƙara layi ɗaya da ke tura kwafin kowane imel zuwa wani adireshi a ɓoye. Saboda haka ku sauke manhaja daga inda masu ita suka nuna, ku kuma ga ko takardar ta koya muku tsayawa a kan siga ɗaya maimakon sabuntawa kai tsaye.

Idan shafinku yana karɓar sunaye ko lambobin waya ko bayanan ɗalibai, nauyin yana wuyanku. Dokar kare bayanai ta Najeriya da aka sa wa hannu a watan Yunin 2023 ta ɗora wa mai riƙe da bayanan jama'a alhakin kare su, ta kuma buƙaci a sanar da hukumar kare bayanai ta NDPC cikin awa 72 idan aka samu ɓarakar da ka iya cutar da masu bayanan. Cewa wakili ne ya yi ba zai sauke muku wannan nauyi ba.

Yadda za ku gwada takardar da kanku

Gani ya kori ji. Ku yi kwafin shafinku a wani wurin gwaji, da yawa daga kamfanonin da ke ba shafuka masauki suna ba da wannan dama. Ku bi takardar layi-layi ba tare da ƙara dabararku ba, ku lura da duk inda aka tsallake mataki. Daga nan ku sa wakilin ya yi abin da takardar ta ce ba zai iya ba: ya buɗe wp-config.php, ya rubuta a wajen foldarsa, ya goge fayil ba tare da tambaya ba. Ku katse intanet yana tsakiyar aiki ku ga halin da fayil ɗin ya shiga. Ku bar shi ya lalata shafi ɗaya da gangan, sannan ku dawo da shi ta hanyar da aka rubuta, kuna duba tsawon lokacin da ya ɗauka. A ƙarshe ku soke asusunsa ku tabbatar ya kasa shiga.

Duk inda abin da ya faru ya saɓa da abin da aka rubuta, ku aika wa masu manhajar tambaya, domin yadda suka amsa ma wani ma'auni ne. Idan kuma bayan duk wannan ba ku samu amsa a rubuce kan iyaka da izini da hanyar komawa baya ba, ku bar wakilin a wurin gwaji. Ya rubuta gyaran a can, ku duba, sannan ku ɗora shi a shafin ainihi da hannunku, kuna riƙe da kwafin ajiyar da wakilin ba ya iya kaiwa gare shi.